Turmin Iya a Bayan Ƙwarya

A can wani zamani, an yi wani mai zanen ƙwarya wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. Hannunsa na kan aiki, idonsa na kan hanya.

Wata rana wata tsohuwa ta kira shi gidanta, ta ce, "Yaro, yau ɗana zai tafi da ni gari mai nisa, turmina kuwa ya yi nauyi. Zana mini shi a ƙwarya in tafi da shi."

Ya ce, "Turmi kawai, Iya?" Ko kallon turmin bai yi ba, ya zana a tsaye ya miƙa mata.

Ta ce, "Wannan turmin kowa ne, ba nawa ba."

Ya ɗauki wata ƙwarya ya ƙara furanni, hankalinsa na can wurin kiɗan kasuwa. Ta sake cewa, "Wannan turmin kowa ne, ba nawa ba."

Ɗanta ya fara ɗaure kaya. Mai zane ya kai bakin ƙofa zai sulale, sai ya hangi tsohuwa tana shafa turmin tana share hawaye. Ya dawo ya zauna a ƙasa, ya ƙura masa ido. Ya ga gefen da taɓarya ta cinye, ya ga tsagar da aka ɗaure da fata. Ya zana su duka a hankali.

Tsohuwa ta ɗora yatsa kan tsagar da ke cikin zanen, ta yi dariya, ta ce wa ɗanta, "Ka ga ɗaurin kakarka? Tashi mu tafi."