Gashin Bargo a Kan Baƙar Kwat

"Shigo mana, Yallaɓai. Ɗakin ba ya cizo."

Bai shigo ba. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, a kan dokin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, kamar wanda aka aiko duba gidan da ake zargin akwai annoba a ciki.

Auta ta ci gaba da yankanta. Tun da mahaifinta tela ya rasu, ita ta gaji kekensa da ɗakinsa da ciwon bayansa, kuma da wannan keken take riƙe da kanta da mahaifiyarta. Barguna take ɗinkawa da wani lallausan yadi da matan unguwa suke kira jikin mage. Sunan bai zalunce shi ba. Yana da taushi, yana zamewa a ƙarƙashin allura, kuma duk wanda ya raɓe shi sai ya tafi da gashinsa. Saboda haka ɗakin yana da dokoki: ta bayan yadin ake yanka da reza, kowane ƙyalle a fita da shi waje a kakkaɓe, tebur a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Fankar sama kuwa ba a kunna ta, ko da zafi zai narkar da mutum.

Yallaɓai ma'aikaci ne a wani kamfanin inshora, inda yake ɗaukar takardu daga wannan tebur zuwa wancan da natsuwar mai ɗauke da amanar duniya. Yana da baƙar kwat, kuma a aljihunta na ciki akwai ƙaramin buroshi. Ranar da ya fara zuwa, maɓallin kwat ɗin ya kawo a ɗinke masa, ta kira shi Yallaɓai cikin wasa. Shi kuwa ya karɓi sunan da gaske.

Ta so shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Yana da murya mai kwantar da hankali, bai taɓa mantawa da maganin hawan jinin Inna ba, kuma idan ya ce mata "hasken idona" sai ta manta cewa daga bakin ƙofa yake faɗa.

A ranar albishir ya kawo, amma irin albishir ɗin da ke zuwa da wutsiya. Mahaifiyarsa, Hajiya, ta amince za ta zo ranar Asabar ta ga yarinyar da ɗanta yake magana a kanta. Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma ya jero su cikin tsari. A kwashe yadin nan duka a ɓoye. A rufe keken. Idan an tambaye ta sana'a, ta yi murmushi ta bar masa amsar. Bayan aure kuma, maganar ɗinki ta ƙare, domin Hajiya mace ce mai tsabta, ta kuma rantse surukarta ba za ta riƙa yawo da gashi a ɗankwali kamar kazar da aka soma figa ba.

Auta ta ajiye rezar.

"Haka ta ce?"

"Haka ta ce, zuciyata. Ni ɗan aike ne."

"Bargon da na ɗinka mata fa, lokacin da sanyi ya kama mata gwiwa? Shi bai zame mata ƙazanta ba?"

Ya dubi hannun rigarsa, ya tsince wani abu da ita ba ta gani ba, ya ce ai wannan daban, kuma kada ta mai da ƙaramar magana babba.

Ta tambaye shi, idan ta rufe keken, me Inna za ta ci. Kafin ya amsa, Inna da kanta ta ɗaga labule ta fito, domin labulen nan bai taɓa hana ta jin komai ba. Ta gaishe shi da muryar da take ajiyewa don likita da manyan baƙi. Bayan ya tafi ta zaunar da 'yarta, ta ce ita za ta koma gidan ƙaninta, ba za ta mutu da yunwa ba. Ta ce namiji mai albashi ba a tsintarsa a kan hanya. Ta ce keke ƙarfe ne, ko bayan shekara goma aka buɗe shi yana nan yadda yake, amma 'ya mace ba ƙarfe ba ce.

"Inna, keken Baba ne."

"Babanki ya bar miki shi don ki rayu, ba don ki aure shi ba."

Auta ta yi shiru. A gidan, shiru yarda ce.

Ranar Asabar da safe ta tafi kasuwa sayen lemo da sababbin kofuna, ta bar wa Inna gyaran ɗakin, tunda shi kaɗai ne ɗaki mai kujeru a gidan. Inna ta shekara talatin tana auren tela ba ta taɓa riƙe almakashi ba, kuma tana alfahari da haka. Ta tattara ƙyallayen da aka yanka jiya, waɗanda ba a kai ga kakkaɓewa ba, da wani bargon jariri da aka kusa gamawa, ta jibge su a saman kabad. Ta lulluɓe keken da zanin tebur mai ado, ta ɗora masa tulun furen roba. Da Auta ta dawo ta ga keken mahaifinta sanye da fure kamar kabari, ta wuce ciki ta ajiye lemon da kofunan.

Da la'asar baƙi suka iso. Hajiya doguwar dattijuwa ce mai dogara sanda, cikin shuɗin mayafi mai duhu, da idanu irin na wadda ta daɗe da daina mamakin mutane. Yallaɓai ya biyo bayanta. A karon farko tun da suka san juna, ya tsallake dokin ƙofa ya shiga, ya zauna, har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya dubi ɗakin ya gyaɗa kai, kamar mai duba aikin da ya bayar.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da gwiwa. Auta ta durƙusa ta gaida Hajiya, sannan ta shiga ciki ɗauko lemo.

Zafi ake yi ranar, irin wanda ke sa bango ya yi numfashi. Inna ta hango gumi yana tsattsafowa a goshin babbar baƙuwarta, ta kuma hango fanka a sama tana rataye ba ta aikin komai. A ganinta, babu abin kunyar da ya wuce a ce an bar surukar gida tana fifita da gefen mayafi alhali ga wuta ga fanka. Ta miƙe da fara'a ta kai hannu bango.

Auta tana fitowa da tire.

"Inna, kada ki..."

Fankar ta yi ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barci, ta juya sau ɗaya a hankali, sannan ta tuna aikinta. Gashin da ya shekara yana taruwa a fukafukanta ya fara sauka. Iskar ta kai saman kabad, ta ɗaga ƙyallayen nan ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin ya cika da burɓushi, shuɗi da toka-toka da ruwan hoda, yana yawo a hankali, yana zaɓen inda zai zauna. Ya zauna a kofunan lemo. Ya zauna a girar Inna. Ya rufe mayafin Hajiya. Amma mafi yawansa, kamar da gayya, baƙar kwat ya nufa.

Auta ta dire tiren ta kashe fankar. Sannan ta juya, domin ta ga abin da mutumin da za ta aura zai yi.

Ya riga ya miƙe, buroshi a hannu. Kafaɗarsa ta dama ya fara gogewa, sannan ta hagu, sannan ƙirji. Mahaifiyarsa tana atishawa a gefensa, bai waiwaya ba sai da ya gama da hannun riga.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Na gaya musu. Wallahi sai da na gaya musu."

"Musu" ya ce, kamar ita da Inna baƙi ne a wurinsa. Auta ta ji kalmar ta sauka a ƙirjinta, ba ta da nauyi, amma ta san ba za ta kakkaɓu ba.

Hajiya ba ta saurare shi ba. Bargon jaririn nan ya zamo daga saman kabad ya faɗo kusa da ƙafarta, ta sa sanda ta jawo shi, ta ɗora a cinya. Ta shafa shi, ta juya shi, har yatsanta ya tsaya a wata kusurwa inda aka ɗinka ɗan ƙyalle rawaya. Ta tambaya ko wannan na mene ne. Auta ta ce ɗabi'ar mahaifinta ce ta gada, yakan sa alama a kusurwa ɗaya don mai bargo ya bambance wajen kai da wajen ƙafa.

"Nawa ma yana da shi," in ji Hajiya. "Irinsa sak." Ta juya ga ɗanta a hankali. "Wanda ka ce abokinka ya taho maka da shi daga ƙasar waje."

Buroshin ya tsaya.

Hajiya ta ce babu ƙawarta da ba ta nuna wa bargon nan ba, tana yabon hannun mutanen waje, ashe hannun yana nan bayan kasuwa. Ta ce ita abin da aka faɗa mata shi ne yarinyar sakatariya ce a wata makaranta. Ta miƙa sanda ta ɗaga gefen zanin tebur, ƙafar keken ta leƙo.

Auta ta ji muryarta ta fito a daidaice, har ta yi mamakin kanta.

"Hajiya, ki gafarce ni. Ke kika ce sai na bar ɗinki?"

"Ni? 'Yar nan, yaushe na san kina ɗinki, balle in hana ki?"

Wani gashi ruwan hoda ya gama shawaginsa ya sauka a kan gashin bakin Yallaɓai.

Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa cewa mahaifinsa wanki da guga ya yi har Allah ya karɓi ransa, kuma da hannun da sabulu ya cinye aka biya masa makarantar da ta koya masa ƙyamar hannu. Sannan ta juya ga Inna da fuska a sake, ta ce ita dai ta ga yarinya, ta kuma yaba, idan an ba su suna so, da kekenta da gashinta duka.

Inna ta fara godiya, hawaye na bin gashin da ke girarta. A lissafinta, fanka ta gyara abin da ta ɓata.

Auta ta raka Hajiya har mota, ta riƙe mata sanda, ta yi mata alkawarin wani bargon kafin sanyi. Da ta dawo, ta tarar da shi yana jiranta a dokin ƙofa. Ta wuce shi ta shiga ciki, ta juyo. Kowa ya koma mazauninsa.

"Hasken idona, kin ji dai, an amince. Komai ya wuce."

"Ya wuce."

"Don ke na yi. Ban so a raina ki ba ne."

"Wa zai raina ni? Na duba ɗakin nan kaf ɗazu, Yallaɓai. Mutum ɗaya na ga ya raina ni."

Ya rantse, ya kira ta da duk sunayen da ya saba, har da waɗanda bai taɓa amfani da su ba. Idanunsa sun kawo ruwa, kuma ta yarda ruwan na gaskiya ne. Zuciyarta ta karkata, ta kai hannu ta taɓa hannun rigarsa, kamar yadda ta daɗe tana so ta yi. Da ta janye, yatsunta suka bar ɗan farin burɓushi a kan baƙin yadin.

Yana cikin cewa ba zai iya rayuwa ba tare da ita ba, ya sa yatsa biyu ya tsince shi. Bai ma san ya yi ba.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta jefa a aljihun da buroshin yake.

"Buroshi ba ya fitar da gashin nan, ƙara tura shi ciki yake yi. In ka je gida ka jiƙa tafin hannunka ka shafa. Zai fita tas, kamar ba ka taɓa zuwa nan ba."

Ta rufe ƙofar.

Ta sauke tulun furen, ta yaye zanin tebur, ta zauna a gaban keken. Ba ta taka shi ba. Kukan ya zo mata ba sallama, mai ƙarfi, irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka fita da mahaifinta. Gashin da ke yawo a ɗakin ya sami danshi, ya dinga manne mata a kumatu, shuɗi da ruwan hoda, har fuskarta ta koma kamar ƙyallen da ba a kakkaɓe ba.

Inna ta daɗe a tsaye bakin labule, da jawabinta na namiji mai albashi a shirye. Ta haɗiye shi. Ta je ta jiƙa tsumma, ta dawo ta goge teburin yanka daga wannan gefe zuwa wancan, yadda ta ga ana yi shekara da shekaru ba ta taɓa yi ba. Sannan ta juya tsumman ta wajen mai tsabta, ta tallabi haɓar 'yarta, ta goge mata fuska.

"Na tuba, Auta. Gobe zan sa a zo a cire fankar nan."

Auta ta ɗaga kai ta dubi fankar, ta ja hanci.

"Ki bar ta, Inna. Tun da Baba ya rataye ta, yau ne kaɗai ta yi mana amfani."