Na'urar da Aka Kashe Ba Sallama

Ana kiran magariba injiniya ya shiga ɗakin ƙurya, inda na'urar da ke riƙe da shafin kamfaninsu na intanet ta shekara shida tana gurnani. Ranar aka ce a rufe shafin. Akwai umarnin da shi da kansa ya rubuta don irin wannan rana: a jira duk wanda ke cikin shafin ya gama, a rufe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya, a share tarkace, sannan na'ura ta mutu. Aikin minti goma ne. Amma ya gaji, ga matarsa na cewa abinci zai huce. Sai kawai ya fizge wayar wutar na'urar daga bango.

Gidan ya yi tsit. Can sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Sai wani.

Kwana uku ana jifa da zarar rana ta faɗi. A na huɗu 'yarsu ta fari ta ajiye cokali, ta je ƙofar ɗakin nan tana buga goshi har jini ya tsattsafo.

Malamin da surukinsa ya kawo ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago. Muryar tsohuwa ce ta fito daga bakinta.

"Shekara shida muna shan ɗumin akwatin nan. Na fita nema, ya rufe da jikana a ciki. Ko sallama bai yi ba."

"Bai san kuna nan ba," in ji malam.

"Ya san ana jira kowa ya fita. Shi ya rubuta. Zan riƙe tasa kamar yadda ya riƙe nawa."

"In ya buɗe fa?"

"Sai in sake ta. Amma hannun da ya ja wayar nawa ne."

Matarsa ta fashe da kuka. Injiniya bai dubi kowa ba. Ya mayar da wayar, ya kunna na'urar, ya ba da umarnin rufewa. Allon ya nuna saura mutum ɗaya a ciki, alhali an yanke layin intanet tun tuni. Suka jira. Ɗayan ya koma sifili.

Yarinyar ta sulale ƙasa, ta buɗe ido. "Baba, ƙishirwa nake ji."

Ya ɗebo ruwa da sauri. Kafin ya iso gare ta kofin ya suɓuce, yatsunsa na dama sun lanƙwashe. Har ya tsufa ba su miƙe ba.