Minti Huɗu na Faki

Ranar da Makame ya saya wa jirgin ruwansa na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna hanya, ya sauke yayansa Faki daga aiki, wanda ya shekara ashirin yana nuna musu hanya da taurari da agogon hannu.

"Agogonka na makara da minti huɗu, Yaya. Wannan ko daƙiƙa ba ta kuskure."

Faki ya bar jirgin. Ya koma kamun kifi shi kaɗai a kwalekwale, teku ba ta dawo da shi ba.

Bayan shekara biyu, Makame na komawa tsibirin Pemba cikin duhu, yana ratsa duwatsun ruwa, idonsa a kan na'urar. Sai ga kwalekwale a gefensa da wani mutum a ciki, yana gudu daidai da injinsa, ruwan ko motsi bai yi ba.

"Mai jirgi, ƙarfe nawa?" Muryar kamar daga cikin randa.

"Biyu da kwata."

"Sake dubawa."

Lambobin agogon na'urar suka ja da baya har minti huɗu, alamar jirgin a taswirarta ta zame kan duwatsu. Mutumin ya ɗago hannu. Agogo mai tsatsa yana ɗigar da ruwa, yana bugawa.

"Yanzu mun daidaita, ƙanena."