Numfashin Aro

Dab da magariba Umma ta miƙa wa Yaya kwalin maganin shaƙa da ya ƙare, ta ce ya yi sauri kafin a rufe kemis. Ƙanwarsa Auta na jingine a falo, ƙirjinta na fito kamar tsohuwar ƙofa. Yarinyar da ba ta taɓa yin asma ba, ga shi yanzu sai a zaune take barci. Likita ya duba, ya ce huhunta lafiya lau.

Yaya mai haɗa waƙa ne, amma ba shi da mawaƙi. Manhaja ce ke rera masa. Zai rubuta baiti, ya tsara kari, kwamfuta ta fito da muryar mace siririya mai zaƙin gaske. Aibinta ɗaya, ba ta numfashi, kuma kunne na saurin gane haka. Masu sana'ar suna da dabara: a naɗi numfashin mutum, a yayyanka, a dasa tsakanin baitoci. Shi ya sa kwanakin baya ya lallaɓi Auta zuwa ɗakin aikinsa da ke bayan shagon gyaran waya.

"Wato kowa aka kira sai waƙa, ni sai haki?" in ji ta, tana dariya. Ta ja iska a gaban makirufo har ya ce ya isa.

Da ya raka ta bakin titi bai koma ba. Makirufo ya kwana a kunne, ɗaki ba kowa. Mai gyaran waya ya sha ja masa kunne kada ya bar shi haka da almuru, don ba a san mai amsawa ba. Yaya ya ɗauka tsoron kuɗin wuta ne kawai.

Waƙa ta fita, ta karɓu. Manhajar sauraro ta jefa ta cikin waɗanda take tallata wa matasa, sai ga ta a kowace waya. Har tafiyar Yaya ta canza.

Yau ma, a hanyar kemis, ita ce ke tashi a shagon aski. Ya rage sauri don ya ji daɗi. Muryar ta kai ƙarshen baiti, ta ja numfashi.

Numfashin ya yi fito.

Ya tsaya cak. Wanda ya naɗa fes yake, shi ya tace shi da hannunsa. Wannan kuwa irin wanda ya baro a falo ne.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Umma ce.

"Kana ina? Abin ya tashi mata!"

A bayan muryar Umma yana jin Auta na kokawa da iska. Mawaƙiyar shagon aski ta ja, Auta ta shaƙe. Ta sake ja, Auta ta sake shaƙewa. Tare suke tafiya, ba kuskure.

Ya juya da gudu.

An rufe shagon gyaran waya. Ya bi ta lungu, cikin warin ƙonanniyar dalma da danshin bango. An ɗauke wuta a layin, amma ta ƙasan ƙofarsa wani jan haske na leƙowa. Ya tura. Ɗakin sanyi ƙalau. Fitilar makirufo na ci, kwamfuta a kunne, alhali igiyarta na yashe a ƙasa.

Ya zauna. Ya nemo layin numfashin Auta, ya goge.

Layin ya dawo.

Ya sake gogewa. Ya sake dawowa, ya ƙara tsawo.

Abin sauraron da ke kan tebur ya fara raɗa. Bai sa shi a kunne ba, amma ya ji sarai. Muryar ce, mai zaƙin nan.

"Bar shi."

Ya buɗe baki zai yi addu'a, muryar ta riga shi.

"Na tarar da murya ba mai ita," in ji ta. "Na shiga. Kai ka bar ƙofa a buɗe."

"Ƙanwata ce," ya faɗa da ƙyar.

"Suna kunna ni. Duk inda suka kunna, sai na ja. Da me kake so in ja?"

Kujerar da Auta ta zauna a kai ranar ta yi ƙara, kamar an gyara zama. Soson makirufo ya lotsa ciki, ya kumbura, ya sake lotsawa. Wani wari ya taso, na ɗakin da ya shekara a kulle.

Yaya ya tuna shagon aski, da motocin haya, da ɗakunan kwanan ɗalibai. Ba zai iya bin wayoyin duniya yana gogewa ba.

Wayarsa ta haska. Umma. Bai ɗauka ba.

Ya jawo makirufo bakinsa.

"Ki sake ta," ya ce. "Ga nawa."



Ya danna maɓallin naɗi, ya ja numfashi.

Wani abu ya kama ɗaya ƙarshen iskar, ya ja.

Sanyi ya bi maƙogwaronsa har ciki. Haƙarƙarinsa ya matse. Ya nemi ya saki, ba a sake shi ba. Idonsa ya fara rufewa, yana jin dariya siririya a cikin abin sauraron. Ya ture tebur da ƙafa, ya faɗi, ya rarrafa. Bai san yadda ya kai lungu ba. Can masu wucewa suka tsince shi, baki buɗe kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa.

Auta ta warke a daren, ta yi barci a kwance har da minshari. Yaya ya sayar da kayan aikinsa, ya daina hawa bene, magana ma sai ya yanka ta biyu. Bai gaya wa kowa ba.

Wata rana suna cikin motar haya shi da Auta, direba ya kunna waƙar. Muryar ta kai ƙarshen baiti, ta ja numfashi mai kauri, na namiji. Yaya ya dafe ƙirji.

Auta ta juyo a hankali, ta daɗe tana kallonsa, idonta ya ciko.

"Direba, don Allah," ta ce, "kashe waƙar nan. Yayana ne."