Askar Mati

Sahabi na fita zaure, Inna ta sa kara ta ɗago kofin da ya sha ruwa, ta wurga shi bayan danga.

"Inna! Mi kofi yai maki?" in ji ɗiyarta Fatsuma.

"Rufe mani baki! Mai ciwon hanta za ki aura? Babanki ya ce gobe a maida masu kayansu."

Sahabi shi ke tuƙa jirgin ruwa mai inji daga Yelwa zuwa Wara. Ya je ba ƙanensa jini a asibiti, gwaji ya nuna cutar a jikinsa, kuma da ƙafarsa ya zo ya faɗa. Fatsuma ta yi kwana uku tana kuka. Ran na huɗu ta share hawaye, ta je wurin wata nas ta karɓo takardar bayani. Da littattafan ƙannenta ta koyi karatu, don haka ta bi ta kalma-kalma.

Ranar kasuwa ta iske babanta Magaji a ƙofar gida, riga a cire, Mati wanzami zai yi masa ƙaho. Masunta uku Mati ya gama yi wa tsaga da aska guda. Ya goge askar da tsumma, ya nufi bayan Magaji. Caraf Fatsuma ta riƙe hannun Mati.

"Ke! Gaban mutane?" Magaji ya daka tsawa.

"Baba, ka buge ni in ka so, amma askar ga ba ta taɓa ka! Ciwon ba ya bin kofi ko akushi. Jini shika bi: aska guda, allura guda, shimfiɗar aure, ko uwa ta ba jinjiri wurin haihuwa."

"Shekara talatin nika wanzanci, yau ɗiyar cikina za ta koya mani?" in ji Mati.

"To ke da kanki kin ce shimfiɗar aure!" Magaji ya ce.

"Akwai rigakafi, Baba, allura ukku. Mu tai a yi muna tes gaba ɗaya. In dokta ya ƙaryata ni, da bakina zan sallami Sahabi."

Don ya kunyata ta ya yarda.

Da sakamako ya fito, Fatsuma da Inna lafiya lau. Magaji ne ke ɗauke da cutar, shekaru bai sani ba. Suka iso gida. A zaure ya zauna, ya dafe kai.

"Na kori ɗan mutane kan abin da ke jikina... Kirawo mani shi."

Wata shida Fatsuma da Inna suna zuwa allura, Sahabi na jira bai gaji ba. Sannan aka ɗaura aure, jirage cike da 'yan biki tun daga Wara.

'Yan'uwana, kada mu guji mutum don ciwo. Mu san hanyar da ciwon ke bi, mu toshe ta, mu riƙe masoyanmu.