Kofunan Da Ke Matsowa

Auta na durƙushe a falo da tsintsiya a hannu, Mami goye a bayanta tana jan mata ɗankwali, ta sake ganin garin katakon nan. Ɗan tsibi ne kamar an barbaɗa fulawa, daidai gindin ƙafar kabad ta gaba. Jiya ta share shi, shekaranjiya ma ta share shi. Ta ɗaga kai a hankali ta bi kabad ɗin da kallo har sama.

Kabad ne na baƙin katako, mai ƙofofin gilashi biyu masu kauri, saura kaɗan ya taɓa silin. Na marigayiya surukarta ne. Ita ta fara tara tsofaffin kayan tangaran da na azurfa, da ta rasu ɗanta Barista ya ɗora daga inda ta tsaya, har ya fi ta zaƙewa. Duk shagon gwanjon da ke garin an san shi. Sai ya kife faranti ya karanta tambarin gindinsa, ya kafa wa cokali madubin ƙara girma yana neman ɗan hatimin da ke nuna azurfa ce zalla. Manyan tirarruka da kwanukan azurfa masu nauyi a can sama yake jera su, wai a nan haske ya fi kama su. Kofunan shayi masu bakin zinariya suna tsakiya, durowar ƙasa kuwa fayau take.

Gaskiya ma a kan kofi Auta ta fara son sa. Ran da ta ga yadda yake goge shi da lallausan ƙyalle, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, ta ce a ranta mai riƙe kofi haka ba zai wulaƙanta mace ba. Bai kuwa wulaƙanta ta ba. Amma yanzu tsoron kabad ɗin nan take ji, tsoro na gaske.

Wata babbar mota ta wuce a titi. Kofunan suka amsa da wani siririn kuka, ƙiririri, suka yi shiru.

"Abban Mami, don Allah zo ka gani."

Ya fito yana ɗaura agogo, ya leƙa inda take nunawa. "Ƙura ce, Autata."

"Ƙura ba ta taruwa a wuri ɗaya kullum. Gara ce take cin ƙafar nan ta ciki. Kuma ka duba kofunan, sun matso gaba. Ni ban bar su a nan ba."

Ya yi dariya ya ja kumatun Mami. "Kofi da ƙafa? Ko a kotu ba a taɓa kawo mini irin wannan shaida ba."

"Ba wasa nake ba. Yarinyar nan ta fara rarrafe, komai ta samu kamawa take. Filis, ka kira kafinta ya kafe shi a bango, ko a sauko da masu nauyin ƙasa."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "A huda katakon Mama da ƙusa? Haba Auta! Kabad ɗin da ya girme ni, bai faɗo a kaina ba, bai faɗo a kan Yaya ba, sai yanzu?"

Ya fita. Bai ma tsaya ta raka shi bakin ƙofa kamar kullum ba.

Da ya bar maganar a tsakaninsu da da sauƙi. Amma Barista ba ya iya ɓoye wa yayarsa komai, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ita Yaya ba a taɓa kayan Mama ta yi barci. Washegari da hantsi sai ga ta, ko sallamar kirki babu. Ta tarar Auta ta jawo doguwar kujera ta tare gaban kabad ɗin.

"Iye! Har an kai ga rufe su? Sun tsone miki ido ke nan."

"A'a Anti, saboda Mami ne…"

"Janye kujerar nan!"

Auta ta janye. Yaya ta kafa hanci a jikin gilashin tana dubawa, sai ta dafe ƙirji. Kofunan sun zo dab da bakin katako, ɗaya har ya jingina da gilashi.

"Wa ya taɓa kayan nan?"

"Wallahi Anti babu wanda ya taɓa. Da kansu suke matsowa, kabad ɗin ne ya karkata."

"Da kansu! To aljanu ne a gidan, ko ke ce aljanar? Makulli yana hannun wa?"

"Yana hannuna, don goge-goge."

"Ato! Ƙawaye ake tarawa ana shan shayi a kofunan uwata, ko kuwa so ake su faɗo su fashe a huta? Na san irinku. Ku shigo gida ku tarar da tarihi, ku ce tarkace ne."

Hawaye suka cika idon Auta, ta juya ga mijinta da ya tsaya a ƙofar ɗaki. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa. Ya dubi kofunan, ya dubi yayarsa, sannan ya miƙo hannu ba tare da ya yarda sun haɗa ido ba.

"Ba ni makullin, Auta. A zauna lafiya."

Duk maganganun Yaya ba su yi mata zafin wannan ba. Ta ciro makullin ta ɗora masa a tafin hannu. A gabanta ya buɗe kabad ɗin, ya mayar da kowane kofi can ciki, ya kulle, ya haɗa makullin da na motarsa.

Da ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ta yi tunanin haɗa kaya ta tafi gidansu, har ta jawo akwati. Sai ta tuna in ta tafi da fushi, wata rana za a ce a kawo Mami ta ga ubanta, a ajiye ta a falon nan babu mai lura. Ta tura akwatin ƙarƙashin gado ta wanke fuska.

Tun daga ranar Mami ba ta ƙara taka falon ba. Gidan ƙarami ne, daga ɗaki zuwa kicin dole sai ta gaban kabad, don haka goyo ya zama sana'ar Auta. Da goyo take girki, da goyo take wanki, da goyo take shara. Mami kuwa ta yi ɓulɓul, ga ƙiriniya, ta yi ta zillo tana son ƙasa. Bayan Auta ya riƙe, kafaɗunta suka yi tsami, zani ya yi mata shata a ƙirji. Ba ta fasa gaishe da mijinta da fara'a ba, ba ta fasa kai masa abinci ba, ba ta kuma sake ta da maganar ba. Shi ma bai tayar ba, sai dai hirarsu ta ragu, ya koma yi mata magana kamar baƙuwa.

Kullum da safe garin katakon yana nan, har ya fi na da yawa. Kullum in babbar mota ta wuce sai kofunan su yi kukansu. Ta gilashi take kallon su suna matsowa kaɗan-kaɗan, ba ta da makulli, ba ta da bakin magana.

Ran wata Asabar da la'asar Barista ya shigo da kwali a rungume, bakinsa har kunne. Yaya na biye da shi.

"Autata, na same ta! Butar shayin da ta dace da babban tiren Mama. Shekaru nake neman ta!"

Ya zare takardun da aka naɗe ta. Buta ce ta azurfa, ƙatuwa, da zanen ganye a jikinta, sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga. Auta ta dube ta, ta dubi saman kabad ɗin.

"Ta yi kyau. Amma… a sama za ka sa ta?"

"A ƙarƙashin gado zai sa ta," in ji Yaya. "Ke wai yarinyar nan a bayanki za ta yi aure? Sa'o'inta har sun fara takawa, ke kin ɗaure ta kamar kayan wanki. Sauke ta!"

"Anti, ki bari in kai ta ɗaki."

"Sunan uwata ta ci, kuma a gaban kayan uwata za ta yi wasa. Kawo ta nan!"

Kafin Auta ta ankara Yaya ta kwance zanin, ta sunkuci Mami ta dire ta a tsakiyar falo, ta yar da zanin a ƙasa.

"Je ki ɗauko masa ƙyallen goge azurfa."

Auta ta nufi kicin da baya-baya. A bakin ƙofa ta tsaya, ƙafarta ta ƙi shiga.

Barista ya saƙale butar a hannu, ya murɗa makulli, ya wangale ƙofofin gilashin duka biyu. Sai ya tsaya cak. Kofunan da ya tura can ciki da hannunsa, ga su jere a bakin katako, saura ƙiris su faɗo. Ya dubi makullin, wanda bai taɓa barin aljihunsa ba.

"Wa ya…" Ya waiwayo ya dubi matarsa, ya ga idonta ba a kansa yake ba, a ƙasa yake.

Mami ta rarrafo har gindin ƙafafunsa. Ta kama hannun durowar ƙasa, ta ja, ta miƙe tsaye tana dariya.

"Ta tsaya! Kun gani ko? Ta tsaya!" Yaya ta hau tafi.

Ƙaƙas!

Ƙafar gaba ta burme. Kabad ɗin ya sunkuyo kamar mai gaisuwa.

"Innalillahi! Mami!"

Barista ya yi jifa da butar, ya tokare kabad ɗin da hannu biyu da goshi. Tirarruka suka zubo masa a ka, farantai suka bi ta kafaɗunsa suna tarwatsewa a siminti. Auta ba ta san lokacin da ta tsallake falon ba, sai jin ta ta yi ta kifa a kan 'yarta, kofuna da kwanukan azurfa suna sauka a gadon bayanta.

"Fita da ita! Auta, fita da ita, ba zan iya riƙewa ba!"

Ta ja jiki da gwiwa a kan fasassun tangaran, Mami a ƙirjinta tana tsala ihu. Tana kaiwa bakin ƙofa ya yi tsalle gefe. Kabad ɗin ya daki ƙasa da ƙarar da ta girgiza tagogi.

"Kayan Mama!" Yaya ta ɗora hannu a ka. "Wayyo kayan Ma…"

Ba ta ƙarasa ba. Idonta ya sauka a kan bakin zanin goyon da ta yar, ya leƙo daga ƙarƙashin kabad ɗin, daidai inda ta dire Mami. Ta sulale ta zauna a ƙasa.

Auta ta juya yarinyar gaba da baya, ta duba kai, ta duba yatsu. Ko ƙwarzane babu. Sannan ne kuka ya ƙwace mata.

Barista, jini na bin goshinsa, ya tsugunna ya ɗauko guntun ƙafar kabad ɗin. Yana matsawa ya ruguje a hannunsa, cikinsa duk rami, garin nan ya zubo ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe yana kallon sa, sannan ya tako ya durƙusa a gaban matarsa.

"Kin faɗa mini. Kin nuna mini da yatsa, na mayar da ke maƙaryaciya a gaban 'yar'uwata." Idonsa ya kai kan shatar zani a ƙirjinta, muryarsa ta karye. "Duk kwanakin nan a bayanki kika ɓoye mini 'yata, ni ina can ina neman buta. Ki yafe mini, Auta."

"Na yafe, Abban Mami. Tashi mu je a ɗinke maka goshin nan."

Yaya ta matso da rarrafe ta kama ƙafar Mami tana kuka. "Da hannuna na sauke ta. Da hannuna! Auta, ki yafe mini, ni ce ban gane jikar nan ta fi duk kayan da Mama ta bari ba."

Abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba: cokula, da tiren da ya lotse, da butar da ta lanƙwashe a baki, da kofi guda mai tsaga. Kafinta ya zo ya yi musu ɗan ƙaramin kabad, Barista da kansa ya riƙe masa ƙusoshi har aka kafe shi a bango. Makullin kuwa a hannun Auta ya sa shi, a gaban Yaya.

Kayan gado abin girmamawa ne, amma ba su kai ran mai rai ba, kuma wanda ya tsaya gadin abin da mamaci ya bari har ya toshe kunne ga na kusa da shi, yana iya rasa duka biyun. Haƙurin Auta bai zama na rufe ido ba. Ta yi shiru da bakinta, ta tsare 'yarta da bayanta, har gaskiya ta fito da kanta.

Yanzu da ɗan ƙaramin cokalin azurfar marigayiya ake ba Mami abinci. In ta ƙoshi sai ta yi ta buga shi a ƙasa, duk ya lotse, Yaya na gefe tana cewa a bar ta, kayan kakarta ne.