Sakan Talatin a Kan Rufin Bene

Bayan magariba Auta Mai Hoto ya rufe shagonsa, ya saɓa ƙafa-ukun kyamara a kafaɗa, ya nufi rufin benen da shagon yake ƙasansa. Alkawari ya ɗauka. Yanar ido ta fara rufe ganin Inna, mahaifiyarsa, kuma da safe ta ce masa, "Auta, wata ya zame mini kamar an goga alli a bango. Kai da kake ɗaukar fuskokin mutane, ɗauko mini shi in ga tabonsa kafin idon ya ƙarasa."

Auta kuwa mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya. Ko a kujera yake, ƙafarsa na kaɗawa. Shi ke cewa mutane su tsaya cak, amma shi bai taɓa iyawa ba.

Rufin babu kowa sai tankunan ruwa biyu da igiyar shanya. Siminti na fitar da zafin yini, ana jin warin tsatsa da kashin tantabara. Wata ya riga ya fito, cikakke.

Ya san aikinsa. Sabon shiga yakan ɗauka tunda dare ne sai a bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, sai wata ya fito fari fat kamar faranti. Wata hasken rana ne a jikinsa. Auta ya ɗaura wa kyamara dogon gilashi, ya mayar da ISO, wato ƙarfin karɓar haske, ɗari, ya tsuke ƙofar haske zuwa sha ɗaya, ya sa idon ya buɗe ya rufe cikin ƙiftawa. Ya saita jinkirin sakan biyu don kada hannunsa ya girgiza hoton. Ƙas. Ga wata a allo, kowane tabo raɗau.

Da nan ya tsaya, da ya sauka lafiya. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ce bari ya haɗa da tankunan a ƙarƙashin wata. Rufin da duhu, don haka ya canza gilashi, ya bar idon a buɗe sakan talatin. Duk mai hoto ya san dokar wannan: abin da ke motsi ba ya fitowa, sai abin da ya tsaya cak.

Ƙas. Ya duba allo.

Mutum ne tsaye a gefen tanki. Dogo, hannuwansa a saki. Ko gefen rigarsa bai dushe ba.

Ya ɗaga kai. Tanki kawai, da ɗigar ruwa, ɗis, ɗis.

"Waye a nan?" ya ce a hankali.

Shiru. Da wani ne, da ya gudu. Amma mai hoto ya fi yarda da kyamararsa a kan idonsa, don haka ya sake dannawa. Ya tsaya yana ƙirge, ƙafarsa na kaɗawa.

A hoto na biyu mutumin ya wuce igiyar shanya. Taku uku ne tsakaninsa da kyamara. Kansa a karkace yake, kamar mai neman gefen da fuska ta fi kyau.

Ɗigar ruwa ta tsaya.

Auta ya ja baya har ya dafa ƙarfen bakin rufi da hannun dama. Sai ya ji ƙiiiii. Kan ƙafa-ukun ne yake juyawa a hankali, babu mai riƙe da shi. Gilashin ya zo ya tsaya daidai fuskarsa.

Jar fitilar jinkiri ta fara ƙiftawa.

Wani sanyi ya taɓa haɓarsa, ya ɗaga ta kaɗan. Murya ta zo a kunnensa, da kalmomin da yake faɗa sau ɗari a rana.

"Yauwa. Haka. Kar ka motsa."

Ƙas. Ido ya buɗe.

Jikinsa ya yi nauyi kamar an zuba masa siminti. Ya gane. Abin da ya tsaya cak shi ake ɗauka.

Sakan goma. Harshensa ya ƙi juyawa.

Sha biyar. Ya kira sunan Allah a zuci.

Ashirin. Ƙafar nan da Inna ta sha yi masa faɗa a kanta, ita ta fara rawa da kanta. Gwiwa ta bi. Ya karkata, ya zube ƙasa yana birgima.

Hannun dama ya ƙi sakin ƙarfen.

"Saura kaɗan," in ji muryar.

Ya fizga. Ya sake fizga.

Ƙas.

Sai hannun ya saki, ya faɗo kamar tsumma. Auta ya finciko kyamarar da hagu, ya bar ƙafa-ukun a nan, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba.

A hoton ƙarshe babu shi, sai hayaƙi-hayaƙi inda ya yi birgima. Hannu ɗaya ne kawai a kan ƙarfe, kowace jijiya raɗau. Tun daga ranar hannun bai sake jin zafi ko sanyi ba. Da hagu yake danna kyamara yanzu, kuma bai ƙara ce wa kowa kada ya motsa ba.

Ya wanke hoton wata babba ya kai wa Inna. Ta kai shi dab da idonta, ta daɗe tana bin tabon da yatsa, tana murmushi.

"Na gan shi, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Ta laluba ta kama hannunsa na dama. Murmushin ya ɗauke. Ta juya hannun, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Auta," ta ce, "hannun wa na riƙe?"